Ra'ayinmu: Kafin A Ce "A Yi Haƙuri", A Zauna A Yi Lissafi



A makon jiya wata ɗaliba 'yar aji biyu na babbar sakandare ta kawo wa wannan ƙungiya damuwarta. Ta amince mu rubuta, da sharaɗin mu sakaya sunanta.

Yayanta yana sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari. A farkon 2023 baffansu, ƙanin mahaifinsu, ya ba shi jari a kan za su riƙa raba riba. A zaure aka yi maganar bayan sallar isha'i, babu takarda, babu shaida. Da farko komai na tafiya daidai. Sai aka cire tallafin man fetur a watan Mayun shekarar, darajar naira ta faɗi, kuɗin da ke cika shago da kaya ya daina cika shi. Wasu 'yan sari da suka ɗauki kaya bashi kuma suka kasa biya. Baffa ya ce a dawo masa da jarinsa cif. Yaya ya ce asara aka yi, ba cin amana ba.

Tun daga nan gida biyu suka daina gaisawa. An daina aika kwanon abinci. 'Yar baffan, wadda take ƙaramin aji a nan makarantar, idan sun haɗu a bakin famfo sai ta kau da kai. Ɗalibar ta ce mana ba ta iya barci, domin yayan ne zai biya mata kuɗin jarrabawar WAEC, ga shi ana maganar kotu. Ranar da ta ce, "Umma, me zai hana a kira Gwaggo ta shiga tsakani?" amsar da ta samu ita ce, "Ke, rufe mana baki, maganar manya ce."

An yi zaman sulhu sau ɗaya. Dattawa suka ce kowa ya yi haƙuri, a bar wa Allah. Aka yi musabaha, aka shafa fatiha. Ba a yi mako biyu ba rigima ta dawo sabuwa.

A ganinmu dalilin a fili yake. Dattawan sun yi niyyar alheri, amma ba wanda ya tambayi nawa aka bayar, nawa ya rage, nawa ke hannun mutane. Haƙuri abu ne mai kyau, sai dai mutum yana yafe abin da ya san adadinsa ne. Idan ba a yi lissafi ba, baffa zai tashi yana jin an cinye masa dukiya, yaya kuma yana jin an kira shi ɓarawo a gaban dangi.

Addininmu bai bar wannan a duhu ba. Aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ita ce mafi tsawo a Alƙur'ani, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Waɗanda suka karanta Risala a Islamiyya kuma sun san ƙiradi, wato wani ya kawo dukiya, wani ya juya ta, a raba riba bisa kason da aka amince. Malaman fiƙihu sun bayyana cewa idan asara ta faru ba da sakaci ba, a kan mai dukiya take, shi kuma mai juyawa ya yi asarar wahalarsa. Amma idan ya saɓa sharaɗi, kamar ya ba da kaya bashi ba da izinin mai jari ba, to alhaki ya hau kansa. Idan kuwa tun asali rance ne, dole a biya shi cikakke, kuma babu maganar riba a kansa. Ke nan tambayoyi biyu ya kamata a fara yi a wancan zama: rance ne ko ƙiradi? Baffa ya yarda a ba da bashi ko bai yarda ba? Girman shekaru ba ya amsa ko ɗaya daga cikinsu.

Wani zai ce neman takarda a wurin ɗan uwa rashin yarda ne. Mu kuwa muna cewa gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Shafi ɗaya na littafin rubutu da sa hannun mutum biyu da ya tsare zumuncin gidaje biyu. Kuma ko yanzu hanya ba ta toshe ba. Kafin kotu akwai shugabannin kasuwa da suka san farashin kowane turmi, akwai liman da mai unguwa, akwai Hukumar Hisba da ke zaman sasanci. Kotu tana iya ƙwato kuɗi, amma da wuya ta dawo da kwanon abinci.

Mu ɗalibai fa, ina namu? Kada mu zama 'yan kai gulma tsakanin gida biyu, kada mu yi habaici a WhatsApp. Mu ci gaba da gaida baffa da gwaggo, domin ba da mu ake faɗa ba. Idan akwai babba da ɓangarorin biyu ke jin nauyinsa, mu je mu durƙusa mu faɗa masa cikin ladabi. Darasin lissafi da na kasuwanci da muke koyo ba don jarrabawa kaɗai ba ne: duk mai ɗan uwa a kasuwa ya nemi izini ya riƙa rubuta masa shiga da fita da sunayen masu bashi.

Ga malamanmu kuma, idan kun ga ɗaliba mai ƙoƙari ta fara gyangyaɗi a aji ko makinta ya sauka, a tambaye ta kafin a ɗauki bulala.

Ɗalibar ta shaida mana cewa ta samu Gwaggo da kanta, kuma Gwaggo ta yi alkawarin kiran wani zama, wannan karon kowa zai zo da rasit da littafin bashi. Muna roƙon Allah Ya daidaita tsakaninsu, Ya kuma tsare mana zumuncinmu. Amin.

Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta