Rasiɗin biyan kuɗi ba biza ba ne

Alhazai da Hajiyoyi masu safarar kaya daga Dubai, a yau maganarmu da ku ce. Bizar da kuke shiga ƙasar da ita ba tambari ba ce a cikin fasfo kamar da. Takarda ce da ake turowa ta intanet, wani ya buga maka ita a firinta, ka naɗe ka sa a jaka. An samu sauƙi, babu mai musu: mutumin Maraɗi ko Damagaram yana zaune a rumfarsa bizarsa ta iso. Amma takardar nan kwafi ce kawai. Ainihin bizar tana cikin na'urar hukumar shige da fice ta can, kuma abin da na'urar ta nuna shi jami'in filin jirgi yake dubawa.

Nan ne ake samun matsala idan kwanaki suka ƙare saye bai ƙare ba. Kowa ya san yadda abin yake faruwa. Kuɗin da ake jira daga gida ba su iso ba, ko mai shago a Deira ya ce leshin da kike so sai mako mai zuwa, ko mai kargo bai gama cika kwantena ba. Sai a buga wa dillalin da ya yi bizar waya, a ce ya ƙara kwana. Ya ce an gama, a turo kuɗi. An tura, ya aiko da hoton rasiɗi ta WhatsApp, hankali ya kwanta, aka koma kasuwa.

To rasiɗi shaida ce kawai ta cewa an biya kuɗi ko an shigar da buƙata. Ba ya nufin hukuma ta amince. Tana iya amincewa, tana iya ƙi, kuma dillalin ma yana iya riƙe kuɗin kwana da kwanaki bai shigar da komai ba. Duk wannan lokaci kwanaki suna tafiya. Tun daga 2022 tarar wuce wa'adi a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa dirhami 50 ce a kowace rana, kusan jika 8 na sefa. Kwana 20 dirhami 1000 ke nan, sama da jika 150, ribar buhu nawa na takalma? Kwana 10 na rangwame da tsofaffin matafiya suka saba da su a Dubai kuwa an soke su tun 2023. Wanda har yanzu yake lissafi da su yana lissafi da kuɗin da aka daina karɓa.

Tara ma ita ce ƙarama. Bizar yawon buɗe ido tana da mai ɗaukar nauyi a can, kamfanin tafiye-tafiye ne ko otal ko kamfanin jirgi, kuma ta hannunsa ƙarin kwanaki yake bi. Idan baƙonsa ya wuce wa'adi, shi ma hukuma za ta kama da laifi, don haka yana iya kai ƙarar cewa baƙon ya gudu. Wanda aka rubuta wa wannan a na'ura yana iya rasa damar komawa ƙasar. Macen da ta shekara goma tana kawo turare da abaya daga Naif, masu shaguna sun san ta har suna ba ta bashi, ta ina za ta fara idan aka rufe mata ƙofa? Gaskiya ne an yi afuwa daga 1 ga Satumba zuwa 31 ga Disamba 2024, masu laifin wuce wa'adi suka fita ba tara. Amma ba a ɗora kasuwanci a kan jiran afuwa. Maƙwabtanmu na Najeriya sun ga yadda rufe ƙofa yake: an daina ba su biza tun 2022, sai a watan Yulin 2024 aka buɗe.

Abin da ya kamata a yi ba shi da wuya. A bizar akwai ranaku iri biyu, ranar ƙarshe da za a iya shiga da ita, da yawan kwanakin zama, 30 ko 60. Da yawa suna ruɗa su. Tun kafin a tashi daga Yamai a tambayi dillali sunan kamfanin da ya ɗauki nauyi a can da lambar wayarsa. A nemi ƙari saura mako guda, ba saura kwana ɗaya ba. Bayan an biya, a sa lambar fasfo ko lambar bizar a shafin hukuma a ga sabuwar rana da ido: GDRFA ga bizar Dubai, ICP ga ta sauran masarautun. Wanda bai iya karatun boko ba ya je cibiyar Amer mafi kusa, a duba masa. Idan sabuwar rana ba ta fito ba, tikitin dawowa ya kamata a gyara, sauran kaya a bar wa amintacce ya ɗora.

Kuma kada a ɗauki dokar Dubai a kai wata ƙasa. A Sin sai mutum ya je ofishin shige da fice na ƴan sanda, aƙalla saura kwana 7, kuma tarar wuce wa'adi yuwan 500 ce a rana har zuwa 10,000, ko tsarewa. A Saudiyya an sa wa masu Umra ranar fita kafin aikin Hajji, a 2025 ranar 29 ga Afrilu ce, kuma wanda ya wuce wa'adi yana fuskantar tarar da ta kai riyal 50,000, ɗaurin da ya kai wata 6, da kora.

Laifin ba na matafiya kaɗai ba ne. Akwai dillalai na kirki, amma akwai masu riƙe lambar biza da adireshin imel a hannunsu don abokin ciniki ya kasa motsi sai da su. Muna kira ga Majalisar ƴan kasuwa da masana'antu ta Nijar da shugabannin kasuwannin Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai su zauna da kamfanonin tafiye-tafiye, su wajabta cewa duk wanda aka yi wa biza a ba shi takarda guda da Hausa, mai ɗauke da lambar bizarsa, sunan mai ɗaukar nauyinsa, kuɗin ƙarin kwana, da wanda zai biya tara idan jinkirin daga dillali ne.