Maki 75 da 62: Abin da alƙaluman wasan Najeriya da Ostireliya suka nuna

A ranar 29 ga watan Yulin 2024, 'yan wasan ƙwallon kwando mata na Najeriya, waɗanda ake yi wa laƙabi da D'Tigress, suka doke takwarorinsu na Ostireliya da maki 75 da 62 a gasar Olamfik da aka yi a Faransa.

A lokacin Ostireliya ce ta uku a duniya a jadawalin hukumar ƙwallon kwando ta duniya, wato FIBA, Najeriya kuwa tana ta 12. Rabon da matan Najeriya su ci wasa a Olamfik tun shekarar 2004.

An yi murna, an kuma yi ta yabo. To amma takardar da alƙalan tebur ke rubuta makin kowace 'yar wasa a kai tana ɗauke da bayanin da ya wuce na murna.

Rabon maki

Ezinne Kalu ce ta fi kowa ci, da maki 19. Promise Amukamara ta ci 14, Amy Okonkwo 13, sai Murjanatu Musa 11. Su huɗun nan suka haɗa 57 daga cikin 75.

Maki 17 daga cikin na Kalu kafin hutun rabin lokaci ta ci su, kuma da su ne Najeriya ta tafi hutu tana gaba da 41 da 28. Bayan an dawo, maki biyu kacal ta ƙara.

A nan ne wasan ya kamata ya juya, da a ce ƙungiyar a kan mutum guda ta dogara. Amma duk wanda ya yi lissafi zai ga cewa a rabi na biyu kowane ɓangare maki 34 ya ci. Wato sauran 'yan wasan Najeriya ne suka ci 32 daga ciki, a daidai lokacin da Ostireliya ta toshe wa gwanarsu hanya.

Idan aka kwatanta da gasar birnin Athens ta 2004 za a ga bambancin. A can Najeriya tana da Mfon Udoka, wadda a tsakaice take cin sama da maki 21 a kowane wasa, tana sahun gaba a gasar baki ɗaya. Duk da haka an doke Najeriya a wasanninta biyar na rukuni, ciki har da wanda ta yi da Ostireliyar, sai a wasan neman matsayi na 11 ne ta samu galaba a kan Koriya ta Kudu da 68 da 64.

Lauren Jackson ta Ostireliya, wadda ta fi kowa cin maki a Athens, tana cikin tawagar ƙasarta a 2024, tana da shekara 43. Ta ga ƙungiyoyin Najeriyar biyu da idonta.

Sau 26

Adadin da ya fi kowanne nauyi a takardar ba ya gaban sunan kowa. Sau 26 ƙwallo ta kuɓuce wa 'yan Ostireliya kafin su kai ga jefa ta kwando, ko dai an fizge ta daga hannunsu, ko sun miƙa ta inda ba kowa, ko an matsa musu har sun karya doka.

A wasan minti 40, hakan na nufin ba a cika minti biyu ba tare da sun yi asarar ƙwallo ba. Kowace asara kuwa dama ce ta maki biyu ko uku da ta salwanta, sau da yawa kuma takan koma maki ga abokan karawa.

Wasu masu sharhi a Ostireliya sun ɗora laifin a kan jifan kyauta da ake ba wanda aka yi wa ƙeta, domin takwas kawai suka jefa daga cikin 18. Gaskiya ne sun yi sakaci. Sai dai ko da goman da suka ɓarar duk sun shiga, da sauran maki uku a tsakani.

Abin da ya biyo baya ya nuna ba sa'a ba ce. Faransa ta doke Najeriya da 75 da 54, amma a ranar 4 ga Agusta D'Tigress suka ci Kanada da 79 da 70, Kalu ta ci 21. Da haka suka zama ƙungiyar ƙwallon kwando ta farko daga Afirka, ta maza ko ta mata, da ta kai zagayen ƙungiyoyi takwas na ƙarshe a Olamfik, inda Amurka ta fitar da su da 88 da 74. Ita kuwa Ostireliya ta farfaɗo har ta ci lambar tagulla. FIBA ta zaɓi Rena Wakama ta Najeriya a matsayin gwarzuwar masu horarwa a gasar.

Daga ina suka fito?

Akwai tambayar da takardar maki ba ta da gurbinta, wato a ina aka koya wa waɗannan mata wasan.

Kalu da Amukamara da Okonkwo duka a Amurka aka haife su, a jami'o'in can kuma suka goge. Haka ita ma Wakama. 'Yan Najeriya ne, babu mai ja, kuma sun zaɓi ƙasar iyayensu a lokacin da ba ta saukaka musu ba. A 2022 gwamnatin tarayya ta janye ƙasar daga wasannin duniya saboda rikicin shugabanci a hukumar ƙwallon kwando ta ƙasa, abin da ya sa aka ba Mali gurbinsu a gasar cin kofin duniya da aka yi a Ostireliya.

Amma maki 46 da su ukun suka ci, makarantun wata ƙasa ne suka shuka su.

Shi ya sa maki 11 na Murjanatu Musa suka cancanci a dube su daban. Ita daga gasar cikin gida ta taso, a ƙungiyar Air Warriors ta Abuja, kafin ta tafi Sifaniya da Faransa. Hanyar da ta bi ita ce kaɗai wadda yarinyar da ke makarantar sakandare a Jega ko Maiyama za ta iya tunanin bi.

Arewa ba baƙuwar wannan wasa ba ce. Kano Pillars ta maza ta sha cin kofin ƙasa, kuma a Zariya Masai Ujiri ya fara wasa tun kafin ya jagoranci Toronto Raptors zuwa cin kofin Amurka a 2019. Ɓangaren mata ne ya yi ƙaranci.

Ɗaya daga cikin dalilan da iyaye ke bayarwa shi ne sutura, kuma dalili ne da ba za a raina ba. Sai dai tun 2017 FIBA ta soke dokar da ta hana wasa da lulluɓin kai, wasan kuma baya buƙatar fili mai faɗi. Harabar makarantar 'yan mata mai katanga ta ishe shi, mata su horar da mata.

Abin da jami'o'in Amurka suka yi wa Kalu da Okonkwo shi ne ba su fili da mai horarwa da gasa a kai a kai, tare da adana alƙaluman kowane wasa, ta yadda mai neman 'yan wasa zai gan su daga nesa. A jihar Kebbi, makarantu irin jami'ar kimiyya da fasaha da ke Aliero, wadda aka kafa a 2006, su ne ke a matsayin da za su iya yin kwatankwacin haka, idan akwai makarantun sakandaren da za su riƙa turo musu 'yan wasa.

A watan Agustan 2025 D'Tigress sun ci kofin Afirka karo na biyar a jere, bayan doke Mali da 78 da 64 a Abidjan, kuma shugaba Bola Tinubu ya sanar da kyautar dala dubu 100 ga kowace 'yar wasa. Okonkwo ce aka sake zaɓa gwarzuwar gasar, kamar yadda aka yi a 2023.