Sunaye sun cika littafi, amma su wa ke magana da sunan Tebaram?



Mu da aikinmu shi ne zama gaban makirho a nan Tawa muna buɗe layi ga masu saurare, akwai abin da ya daɗe yana cin mu a rai, yau dai bari mu faɗe shi. In muka ce "layi a buɗe yake", kafin mai kira ya gama sallama mun gane ko wane ne. Mun san fadarsa, mun san mutanen da zai gaida, har abin da zai ce mun sani. Yau su, gobe su. Sai mu rufe shiri mu ce "jama'a sun bayyana ra'ayinsu". To, wace jama'a?

Abin bai tsaya ga rediyo ba. Duk wanda ya taɓa shiga ƙungiyar 'yan asalin wani gari na Adar, a Yamai ne ko Abijan ko Agadas, ya san yadda take. Ranar kafa ƙungiya kowa na son a rubuta sunansa, littafi ya cika har a nemo wani. Wata uku ke nan, sai ka tarar mutanen biro ne kaɗai ke zuwa taro, cikinsu ma biyu ko uku ke magana, sauran su ce "mun yarda". Haka kwamitin ruwa yake, haka na iyayen yara a lakwal, haka na bankin cimaka.

Za mu ba ku labarin da ya sa muka ɗauki alƙalami. Wata rana muka yi shiri kan matsalar ruwa a ƙauyukan kwamin ɗin Tebaram. Kusan awa guda masu kira na ta ja-in-ja: wane ne ya samu kwangilar foraj, wane ne ya ci kuɗi, wane gari aka fifita. Ana cikin haka wata lamba ta yi mana bip sau uku, ba mu kula ba. Bayan shiri muka kira. Wata baiwar Allah ce daga wani ƙauye, da wayar ɗan maƙwabcinta. Ta ce ita ba ta san zancen kwangila ba. Abin da ta sani, famfonsu na aiki, amma mai riƙe da makulli sai hantsi ya dubi ludayi yake buɗewa, lokacin ita da sauran mata sun riga sun yi asubanci zuwa rijiya mai nisa, don daka da girki ba sa jira. Ta ce an yi taro an zaɓi kwamiti, sunanta na ciki, amma ba a taɓa tambayarta ƙarfe nawa take ɗibar ruwa ba.

Wallahi kunya ta kama mu. Cikin duk waɗanda suka kira ranar, babu ko ɗaya da ke ɗaukar bido da hannunsa. Mu ma da muka shirya shirin ba mu ɗauka.

Mu duba da kyau, wane ne ke iya magana? Mai kira a rediyo sai yana da kiredi, wayarsa na da caji, kuma yana zaune inda rezo ke kamawa. Wannan kaɗai ya tace mutane da yawa. A taro kuma, mai magana shi ne wanda ya yi lakwal ya iya jefa Faransanci, ko mai furfura, ko wanda ya aiko kuɗi mafi tsoka daga waje. Kowa ya san Adar ƙasar bida ce. Da an gama kaka samari da magidanta sun kama hanyar Kodibuwa, Libiya, Aljeriya, Najeriya ko Kamaru, sai damina ta kusa wasu su dawo. Duk tsawon rani mata da tsofaffi da yara ke riƙe da gari. Amma in za a yanke shawarar ko aji za a gina ko rijiya za a yasa, sai a jira waya daga Abijan. Ba mu raina 'yan bida ba, Allah ya sani guminsu ne ke cika rumbu a shekarar da gona ta ƙi. Sai dai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma a watannin rani mai ɗakin mace ce.

Akwai makiyaya, Buzaye da Fulani, da muke raba rijiya da kasuwa da su. Sau nawa aka kira taron gari a lokacin da ya dace da mai shayar da bisashe? Sau nawa aka nemi mai fassara? Akwai kuma masu shiru don tsoro. Tun abin da ya faru a ƙauyukan Tiliya cikin watan Maris na 2021, inda hukuma ta ce an kashe mutum 137, mutanen arewacin jiharmu sun koyi auna magana. Wanda ke kwana a ƙauye ba zai faɗi sunansa a iska ya yi zancen tsaro kamar na cikin birni ba, kuma babu mai ganin laifinsa.

Abin mamaki, iyayenmu sun fi mu gane wannan. A 1962, ƙasa na da shekara biyu da samun 'yanci, aka kafa kulob-kulob na rediyo a Nijar. Ana tara mutanen ƙauye su saurari shiri tare, su tattauna, mai jagora ya ɗauki muryoyinsu a na'ura a kai gidan rediyo a watsa. Rediyo ce ke takawa ta je wurin manomi. Zamanin Seyni Kountché aka raya samariya, kowace unguwa da tata, ko da yake daga sama ake juya ta. Bayan babban taron ƙasa na 1991 baki ya buɗe, fadodin matasa suka bazu, rediyoyi masu zaman kansu suka fara fitowa daga 1994. Yau ga waya a aljihun kusan kowane magidanci. Hanyoyin magana sun ƙaru, amma mu masu rediyo sai muka zauna cikin sanyin sitidiyo muna jiran a kira mu.

Wani zai ce, ai shiru ma magana ce. Gaskiya ne. Ba kowa ke son surutu ba. Akwai mai saurare ya biya zubinsa a kan lokaci, ranar gayya shi ne na farko da shebur. Akwai kunya, akwai girmama na gaba, yaro ba ya tsallake maganar babansa a bainar jama'a, kuma ba mu zo mu rushe wannan ba. Amma shiru iri biyu ne. Akwai na wanda aka tambaya ya ce ya gamsu. Akwai na wanda ba a taɓa tambaya ba. Mukan haɗa su duka mu rubuta "an amince baki ɗaya", sai aiki ya lalace mu dawo muna cewa mutanenmu ba su da kishin gari. Ta yaya mutum zai yi kishin shawarar da aka yanke yana can bakin rijiya?

Mu tuna Keita, nan kusa da mu. Aikin farfaɗo da ƙasa da aka fara can a 1984 da tallafin Italiya, mata ne suka fi yawa wurin ɗaukar duwatsu da dasa itace, saboda maza na bida. Hannun da ya iya tare zaizayar ƙasa, bakinsa ba zai kasa ba da shawara kan makullin famfo ba. Doka ma ta san da haka: tun 2000 aka ware wa mata kaso a kujerun zaɓe, a 2019 aka kai shi kashi 25 cikin 100. Amma kujera a takarda daban, a ba ka magana a saurare ka daban.

Zancen ya ƙara nauyi yanzu. Daga zaɓen ƙananan hukumomi na 2004, ƙauyuka sun samu kansiloli da a lokacin ake iya tarewa a kasuwa a yi musu ƙorafi. A watan Afirilu na 2024 an rusa majalisun, aka naɗa wakilan gwamnati su riƙe kwamin-kwamin. Ke nan wanda aka naɗa, in yana son jin halin da talaka ke ciki, wurin hakimai da masu gari zai ji, sai ƙungiyoyi da kwamitoci da rediyo. In waɗannan bakin mutum goma ne, to da kunnen mutum goma za a yi mulkin kwamin gaba ɗaya.

Ga abin da muke ganin za a iya yi ba sai an jira wani ɗan tallafi ba. Mu masu rediyo mu fara da kanmu: wanda ya yi bip a kira shi, a ware lokacin da mata kaɗai za su shigo, wanda ya kira jiya ya haƙura yau. Ranar kasuwa mu fita da na'ura mu ɗauko muryoyi kamar yadda aka yi a 1962, wanda bai son a faɗi sunansa a sakaya. Ƙungiyoyi kuma su sa babban taronsu a ƙarshen kaka, kafin motocin bida su tashi, lokacin da kowa na gida. A karanta lissafin kuɗi da Hausa, tunda kundin da aka sa wa hannu a watan Maris na 2025 ya mai da ita harshen ƙasa, a kuma nemo mai juyawa da Tamajak da Fulatanci inda ake buƙata. In mata na jin nauyin magana gaban surukai, su yi nasu zaman, su turo wakiliya a rubuta abin da suka ce kafin a yanke hukunci.

Ku kuma manyan masu kira, abokanmu na kullum, ba mu kore ku ba, ku ne kuka raya shirye-shiryenmu a ranakun da layi ya yi tsit. Roƙonmu ɗaya ne: gobe in ka sa kiredi, miƙa wa innarka ko maƙwabcinka makiyayi wayar, ka ce yau kai za ka yi magana.

Ita baiwar Allah ta ƙauyen nan, mun yi mata alkawarin za mu koma kan zancen makulli a shiri na gaba, kuma da muryarta za mu buɗe. Wanda ya san irin wannan a garinsu, ya sanar da mu.

Allah ya zaunar mana da ƙasa lafiya, ya maido 'yan bida gida da alheri. Amin.