An ji ƙulli a mama: wa zai ce kansa ce ko ba ita ba?

Duk shekara idan watan Oktoba ya kama, gidajen rediyonmu daga Yamai har Damagaram sukan cika da kira ga mata su riƙa laluba mamansu, in sun ji ƙulli su garzaya asibiti. Kiran ya dace, mu ma muna cikin masu yin sa. Sai dai akwai tambayar da ba mu cika tsayawa a kanta ba: bayan an ji ƙullin, wa ke tantance shi?

Likitoci sun raba ƙari gida biyu. Akwai mai sauƙi, wanda ke girma sannu a hankali, sau da yawa cikin ƴar jakarsa, yana motsi in an taɓa, ba ya ƙaura zuwa wata gaɓa. Irinsa ne ƙullin da ƴan mata da dama kan ji a mama, da ƙarin mahaifa. Akwai kuma mugun, wato kansa ko sankara, wanda ke kutsawa cikin naman da ke kewaye da shi, ya bi jini ko hanyar kaluluwa ya kai hanta, huhu ko ƙashi.

To amma hannu na iya ruɗuwa, hoto ma haka. Kansa kan soma ƙarama ba tare da zafi ba, shi ya sa ake raina ta. Hukuncin ƙarshe yana wurin likita mai binciken nama. Akan yanki ɗan guntu a tsoma shi nan take cikin ruwan formol, a daskarar da shi cikin kaki, a yanka falle-falle wanda bai kai kaurin gashi ba, a rina shi shuɗi da ja-ja, sannan a duba a madubin likita. In ƙwayoyin sun yi kama da na asalin wurin, suna jere cikin tsari, da sauƙi. In kuwa sun bambanta da juna, cibiyoyinsu sun kumbura sun yi duhu, suna ta rabuwa, sun kuma ƙetare iyakarsu, to magana ta canza.

A nan gizo ke saƙa. Ƙasarmu ta buɗe rajistar masu kansa tun 1992 a Jami'ar Yamai, kuma a 2021 Cibiyar Yaƙi da Kansa ta ƙasa ta soma gasa cutar da haske. Amma yawancin ƙwararrun masu wannan bincike suna Yamai, fiye da kilomita 600 daga Maraɗi, kusan 900 daga Damagaram. Naman da ya jima bai shiga formol ba, balle a zafin bazara, lalacewa yake yi, likita ya rasa abin karantawa.

A ganinmu, duk ƙarin da aka fiɗe ya kamata a bincika shi, kada a jefar. Rashin haka yana iya sa a cire wa mace mama a kan ƙulli marar illa, wata kuma a sallame ta da sunan ta warke alhali cutar tana cin ta. Saboda haka idan an yi wa naku aiki, ku tambaya: an aika da naman? Yaushe sakamakon zai dawo?