Sharhi: Sunan gari ma dukiyar manomi ce

Idan manomi a Tafoki, cikin ƙaramar hukumar Faskari ta jihar Katsina, ya kai masararsa kasuwar Sheme ko Dandume, sunan garinsu a nan yake tsayawa.

Da zarar an ɗora buhunan a mota zuwa Kano ko Legas, sunansu masara kawai, kuma wanda ya kyautata noma da wanda ya yi algus kusan kuɗi ɗaya za a ba su.

Irin wannan matsala ce ta addabi manoman inabi na kudancin Faransa fiye da shekaru 100 da suka wuce, kuma hanyar da suka bi suka magance ta ita ce wasu ƙasashen Afirka ke kwaikwayo a yau.

Boren manoman inabi

A shekarar 1907, farashin giyar inabi ya faɗi warwas a yankin Languedoc mai zafi da ke gaɓar tekun Bahar Rum, inda manoma suka ɗora laifin a kan masu ƙara ruwa da sukari suna cika kasuwa da jabu.

Dubun-dubatar mutane sun yi zanga-zanga a birnin Montpellier a watan Yuni, sojoji kuma suka buɗe wuta a Narbonne har aka rasa rayuka. Kafin watan ya ƙare majalisar dokoki ta kafa dokar hana algus ɗin.

A 1935 kuma Faransa ta kafa tsarin da ake kira AOC, wanda ya mayar da sunan yanki mallakar manoman wurin baki ɗaya.

A ƙarƙashin tsarin, doka ce ke shata iyakar gonakin da za su yi amfani da sunan, da irin inabin da za a dasa, da yawan amfanin da za a ɗiba a kowace hekta, da yadda za a sarrafa shi.

Garin Châteauneuf-du-Pape na kwarin kogin Rhône yana cikin na farko da suka samu wannan kariya a 1936, yayin da Fitou na Languedoc ya samu a 1948. Nau'o'in inabi masu jure rana da ƙarancin ruwa, kamar Grenache da Carignan da Mourvèdre, su ne ƙashin bayan noman yankin.

A ƙasar Hausa

Giya haramun ce a addinin Musulunci, kuma jihar Katsina tana aiki da shari'a tun shekarar 2000. Inabin da ake nomawa a Hunƙuyi da sauran garuruwan ƙaramar hukumar Kudan ta jihar Kaduna ma na ci ne.

To amma dokar kare sunan yanki ba ta tsaya kan giya ba. A Faransar kanta, cukun Roquefort ya samu kariya tun 1925.

Ƙasar Hausa kuwa ta daɗe da sanin zafin rasa suna. Fatar jar akuyar Sakkwato da fatake suka riƙa ƙetarawa da ita Sahara, da ta isa Turai sai aka san ta da sunan fatar Maroko.

Albasar Galmi ta jihar Tawa a Nijar ta kusa faɗawa wannan tarko a shekarun 2000, lokacin da wani kamfanin iri na Senegal ya nemi a yi masa rajistar irin da sunan. Manoma da hukumomin Nijar suka tashi tsaye har sunan ya tsira.

A 2021, ƙungiyar OAPI mai ƙasashe 17 da ke da hedkwata a Yawunde ta yi wa albasar Galmi da kilishin Nijar rajista a matsayin kayan da aka kare sunan asalinsu. Barkonon Penja na Kamaru ya riga su tun 2013.

Najeriya ba ta cikin wannan ƙungiya, kuma kayan da aka san garuruwanta da su, kamar tumatirin Danja da inabin Kudan da audugar Funtuwa, ba su da irin wannan garkuwa.

Jan aiki a gaba

Sai dai takardar rajista ita kaɗai ba ta ƙara wa buhu kuɗi.

Tsarin yana buƙatar ƙungiyar manoma mai ƙarfi wadda za ta amince da ƙa'ida ɗaya, ta kuma hukunta ɗanta idan ya karya ta, domin wake ɗaya shi ke ɓata gari.

Yana kuma buƙatar masu duba gonaki da rumbuna a kai a kai. Wannan abu ne mai wuya a Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, inda hare-haren 'yan bindiga suka shafe shekaru suna raba manoma da gonakinsu.

Haka nan dole amfanin ya zama yana da wani abu da mai saye zai iya bambance shi da na wani wuri. Albasar Galmi tana da launi da ɗanɗanon da aka san ta da su har Abijan da Akara, masara kuwa sai an yi aikin tabbatar da hakan.

Ko a Faransa ma suna bai hana kasuwa juyawa ba. Saboda raguwar masu shan giya da yawan fari, gwamnati ta ware Yuro miliyan 120 a 2024 domin biyan manoma Yuro 4,000 kan kowace hektar inabi da suka tumɓuke, kuma Languedoc na cikin yankunan da abin ya fi shafa.

Ga manomin Tafoki, matakin farko shi ne ya samu shiga gonarsa lafiya. Na biyu shi ne haɗa kai da maƙwabtansa kan awo ɗaya da inganci ɗaya, ta yadda ɗan kasuwa zai zo neman kayansu da sunan garinsu.