Fitilar A-kori-kura: Haske Ko Makanta?

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya da dare ya san azabar farin hasken da ke dallare ido. Masu a-kori-kura ne ke cire ƙwan halojin mai wat 55, su cusa na LED a gurbinsa. Babu shakka LED ya fi ƙarko, kuma ba ya cin batir sosai. Sai dai an ƙera madubin gidan fitilar ne daidai da zaren halojin, shi ya sa sabon ƙwan ke watsa haske cikin idon mai tahowa.

A ganinmu, mai son LED ya sauya gidan fitilar ɗungurungum, a daidaita saitinsa. In babu hali, ya tsaya kan halojin. Wajibi ne Hukumar Kiyaye Haɗurra ta sa ido, domin rigakafi ya fi magani.