Ikko na korar masu yi mata aiki

Tun kafin kiran assalatu tashoshin mota na Agege da Ikorodu da Mile 12 suke cika. Magina da direbobi da 'yan dako, 'yan Arewa da 'yan Kudu, kowa na kokawar shiga danfo domin ya isa Ikoyi ko Victoria Island ko Lekki a kan lokaci. Wasu ma daga Mowe da Ibafo da Sango Ota suke tasowa, watau daga cikin Jihar Ogun. Mutum ya fito 'ya'yansa na barci, ya komo sun yi barci. Mahukunta suna kiran wannan azaba cunkoson motoci, alhali kuwa tushenta kuɗin haya ne.

Ba son ƙauye ya kai talaka bayan gari ba, tura shi aka yi. A watan Yuli na 1990 gwamnatin soja ta Raji Rasaki ta rushe Maroko, aka watsa mutane wajen 300,000, filin kuwa ya koma unguwar masu hannu da shuni. Tsakanin 2016 da 2017 aka yi wa Otodo Gbame irin wannan. Duk sa'ad da aka share wata unguwar talakawa kusa da wuraren aiki, to, an ƙara wa dubban mutane nisan tafiya ke nan har abada. Gadar Third Mainland mai tsawon kusan kilomita 12, wadda aka kammala a shekarar da aka rushe Maroko, ba ta hana cunkoso ba, domin kuwa kullum ana ƙara nesanta ma'aikaci da aikinsa.

Wanda ya ce zai daure ya zauna kusa kuwa, sai ya gamu da mai gida da dillali. Dokar haya ta Jihar Ikko ta 2011 ta haramta karɓar kuɗin fiye da shekara ɗaya daga hannun sabon ɗan haya. To, baƙon da ya sauka daga Sakkwato ko Gashuwa, bai san lauya ba, bai san kotu ba, wa zai kai wa ƙara idan an ce ya kawo na shekara biyu, ga la'adar dillali, ga kuɗin takarda? Shi ya sa samari suke cunkushewa a ɗaki guda a Idi-Araba, wasu su kwana a rumfar kasuwa ko ɗakin gadi, iyali kuwa an bar su a gida sai shekara-shekara. Da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mota ya cinye ɗan rangwamen da zaman bayan gari yake kawowa.

Kada wani ya ce abin ya fi ƙarfin hukuma. Tsakanin 1979 da 1983 Gwamna Lateef Jakande ya gina rukunin gidaje masu sauƙin kuɗi a Amuwo Odofin da Iponri da Abesan da wasu wurare, ya kuma ɗora harsashin jirgin ƙasa na cikin gari. Gwamnatin soja ta soke aikin a 1985. Sai a 2023 jirgin Marina zuwa Mile 2 ya fara ɗaukar fasinja, na Agbado zuwa Oyingbo kuma a 2024. Kusan shekara 40 ke nan talaka yana biyan bashin wannan kuskure da lafiyarsa. A tsakani kuma aka hana acaɓa a manyan sassan birni a 2020 da 2022, aka bar jaki ana dukan taiki.

Jirgi alheri ne, amma ba zai wadatar ba muddin ana cike teku domin attajirai, ana kora talaka daji. Wajibi ne hukuma ta koma gina gidajen masu ƙaramin ƙarfi kusa da kasuwanni da tashoshin jirgi, ta hukunta masu karya dokar haya, kada kuma a sake rushe wata unguwa sai an tanadar wa mazaunanta matsuguni. Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwanni su ma su daina ɗaukar maganar haya kamar ba tasu ba. Wanda ya tsare ƙofar birni da dare, ya sauke masa abinci da safe, ya cancanci wurin kwana a cikinsa.